Mota na ɗiga a ƙasa: shimfiɗa kwali kafin ka yarda a sauke giya

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, mai giya otomatik, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Kusan mako uku ke nan ina ganin tabo biyu a inda nake ajiye ta. Ɗaya kamar ruwa ne, ta ɓangaren mai zaman banza, kuma nakan gan shi jim kaɗan bayan na kashe motar. Ɗayan mai ne, baƙi-baƙi ja-ja, ta gaba ɓangaren direba, shi kuma da safe nake tarar da shi. Ƙofar gidanmu yashi ne, ba na iya tantance launin sosai. Bakanike na farko ko sunkuyawa bai yi ba ya ce sil ɗin bayan inji ne, wato zoben robar da ke tare mai, sai an sauke giya, kuma kuɗin da ya faɗa ya kusa albashina na wata. Na biyu ya ce kada in damu, in riƙa zuba baƙin mai mai kauri, yoyon zai tsaya da kansa. Ga shi nan da kwana 10 zan kai iyali biki Yawuri. Maganar wa zan bi, kuma motar za ta iya wannan tafiya?

Wani malami daga Birnin Kebbi

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a bikin.

Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Na farko ya yanke hukunci bai ga shaida ba, na biyu kuma yana ba da magani bai san ciwon ba. Mai yiwuwa na farkon ya dace, amma ba a sauke giya a kan dace. Motarka tana ɗauke da abubuwa masu tsiyaya har tara: baƙin mai, man giya, man sitiyari, man birki, ruwan lagireto, fetur, ruwan batir, ruwan wanke gilashi, da ruwan da AC ke fitarwa. Tambaya biyu ce za ta raba gardama. Wanne ne daga cikinsu ke ɗiga? Kuma ina ne wurin da ya fi ko'ina sama a jikin motar wanda ya jiƙe da shi? Ta farko kai za ka amsa ta a ƙofar gidanka ba tare da kashe ko sisi ba. Ta biyu aikin awa ɗaya ko biyu ne a gareji.

Yashi ba ya ba da shaida, shanyewa yake yi ya mayar da komai baƙi. Ka samo babban kwali, irin na firji, ko ka ɓarke kwalayen taliya huɗu ka jera su. Idan da farar takarda ka shimfiɗa a samansa, domin launin kwali yana ɓoye bambancin ja da ruwan ƙasa. Ka yi yawo da motar kamar minti 20 har inji da giya su ɗauki zafinsu, ka ajiye ta a wurin da ba shi da gangara, sannan ka tura kwalin daga bamba ta gaba har zuwa ƙarƙashin kujerun gaba. Ka danne gefunansa da dutse saboda iska da awaki. Kafin ka tashi, ka zana da biro inda tayoyin gaba suke, ka rubuta "gaba" a bakin da ke gaba. Da safe idan ka janyo shi, wannan zanen ne zai gaya maka ainihin inda ɗigon ya fito.

Ka duba shi sau biyu: bayan minti 15, da kuma da safe. Ɗigon da ya zubo da yawa a farko sannan ya tsaya, yoyo ne na lokacin da mota ke aiki, wato tiyo ko sil ko famfo da ke fitar da mai idan akwai matsi. Wanda kuma ya kwana yana ɗiga a hankali har gari ya waye, yawanci daga ƙasa yake, inda mai ke kwanciya: gasket ɗin kwano, ko notin juye.

Ka riƙe tsarin motarka a ka. Injin Corolla a gicciye yake. In kana zaune a kujerar direba, inji da bel da famfon ruwa suna hannun damanka, ɓangaren mai zaman banza. Giya tana hannun hagu, ɓangarenka. Mastar birki, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ita ma tana hagu, can jikin bangon da ya raba ka da inji. Mahaɗar inji da giya, inda sil ɗin da bakanike ya ambata yake, tana wajen tsakiya.

Mu fara da ruwan, don ya fi sauƙi. Yadda ka kwatanta shi, kusan tabbas na AC ne. Akwai wani ƙaramin lagireto mai sanyi a bayan dashbod, laimar da ke cikin iska tana taruwa a jikinsa kamar yadda gumi ke fitowa a jikin kwalbar lemo mai sanyi, sai ta bi wani ɗan tiyo ta zuba ƙasa daidai ƙafar mai zaman banza. Ruwa ne garai, ba wari, ba santsi, kuma in ka tara hannu za ka ji shi da sanyi. Da damina yakan yi yawa har ya yi kwari a ƙasa, da hunturu kuwa da ƙyar ka gan shi, saboda iskar a bushe take. Ka wuni guda ba ka kunna AC ba. Idan tabon bai fito ba, magana ta ƙare, ba lalacewa ba ce. Rashin ɗigarsa alhali AC a kunne yake, shi ne ma abin dubawa, domin in tiyon ya toshe da ƙura sai ruwan ya koma ciki ya jiƙa kafet.

Amma akwai tarko a nan, kuma na ƙasarmu ne. A littafi, ruwan lagireto yana da launi: ja ko ruwan hoda na Toyota, kore ko shuɗi na wasu, yana da ɗan santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. A zahiri kuwa, yawancin motocin da ke yawo tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da Jega ruwan rijiya ko na famfo ne a cikinsu. Irin wannan idan ya yi yoyo ba shi da launi, sai dai ɗan jan tsatsa, kuma famfon ruwan Corolla yana ɓangare ɗaya da tiyon AC. Abin da zai bambanta maka su: na lagireto da ɗumi yake fitowa, ta gaba yake ɗiga, kusa da taya ko ƙarƙashin lagireton, kuma idan ya bushe yakan bar fari-farin tabo ko ja. Da sassafe, kafin ka tayar da mota, ka buɗe murfin lagireton kansa ka leƙa. Ruwa ya kamata ya kai wuya. Kada ka dogara da robar ajiya ta gefe kaɗai, domin idan akwai huda iska lagireto ke zuƙa maimakon ya janyo ruwa daga robar, sai ka ga roba cike alhali lagireto ya yi rabi.

Murfin nan ba a taɓa shi da zafi. Yana riƙe matsi ne, 0.9 ko 1.1 kamar yadda aka buga a kansa, kuma da wannan matsin ruwan ke wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana sassauta shi sai ya tafasa nan take ya watso maka a fuska.

Idan ruwan yana raguwa, wuraren dubawa sanannu ne: inda baƙar robar saman lagireto ta haɗu da jikinsa na alminiyam, bakin tiyo inda kilif ya kama, ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa wanda aka yi shi don ya riƙa zubo da ruwa idan sil ɗin ciki ya mutu, da kuma robar murfin kanta. Garejin da ya san aikinsa yana da famfon gwaji da ake ɗaurawa a bakin lagireto a ɗura iska, inji a kashe kuma a sanyaye, sai yoyon ya nuna kansa. Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto suna toshe hudar, gaskiya ne, amma tare da ita suke toshe ƙananan hanyoyin ruwan, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 wannan gyaran gangar Abzinawa ne. In ruwan mai launi ne, ka tuna guba ne mai zaƙi, yara da awaki da kyanwa suna iya lasa. Ka rufe abin da ya zuba da ƙasa ka kwashe.

Yanzu ga man, inda gizo ke saƙar.

Kafin komai ka cire man birki daga zargi, domin mastarsa a ɓangaren direba take, kuma idan ya tsufa yakan koma ruwan ƙasa har a ɗauka wani mai ne. Ka dangwali ɗigon ka sa a murfin kwalba mai ɗan ruwa. Man birki narkewa yake yi a ruwa ya ɓace, sauran mayukan kuwa tasowa suke yi su yi iyo a sama. Ka duba robarsa, ya kamata ya kasance tsakanin layin sama da na ƙasa. Raguwa kaɗan-kaɗan cikin watanni cinyewar fad ce, ba yoyo ba, amma raguwa cikin kwanaki yoyo ne. Ka tayar da mota ka taka birki da ƙarfi ka riƙe daƙiƙa 30. Idan ƙafarka tana nutsewa a hankali, akwai matsala, ko da ba ka ga ɗigo ba, domin masta takan zubar da mai cikin baƙar tukunyar nan da take ɗaure a jikinta, ko ta bar fenti ya saɓule a ƙarƙashinta. Ka leƙa cikin kowace taya ta baya-baya: jiƙa a bayan rim, ko a ƙasan dirom na baya, alama ce. In man birki ne, motar ba ta zuwa ko'ina sai gareji, a hankali, ba iyali a ciki. Man birki mai lamba DOT 3 motarka ke sha. Kada ka yarda a yi ciko da man giya ko wani mai, domin yana kumbura dukkan robobin birki, aikin ƙaramin tiyo ya koma sauya komai.

Fetur shi ma haka, sai dai shi ba ya ɓuya. Hanci ke kama shi kafin ido, kuma yana bushewa da sauri. In ka ji warinsa mota a tsaye, kada ka tayar da ita, kada a haska ƙarƙashinta da ashana ko laita.

Saura uku: baƙin mai, man giya da man sitiyari. A irin motarka ta Amurka sitiyarin na mai ne, kuma jan man giya ake zuba masa, don haka launi kaɗai ba zai raba su biyun ba. Ga dabarar da ta fi kowace. Ka ɗauki farar takarda, ka zaro sandar awon baƙin mai ka ɗiga ɗigo ɗaya, ka zaro ta giya, wadda ke ɓangaren direba, ka ɗiga a gefensa, ka dangwalo na robar sitiyari ka sa na uku. Sai ka kawo abin da ya ɗiga a kwali ka ajiye kusa da su. Ka ba su minti 5 su bazu, ka ɗaga takardar a rana. Baƙin mai sabo launin zuma ne, tsoho baƙi ne, tsakiyarsa da duhu. Man giya ya fi shi tsinkewa, yana bazuwa da sauri, kuma ko ya tsufa ya yi duhu za ka ga ja-ja a gefen tabon. Ka shinshina su ma. Ba sai an koya maka ba, hancinka zai haɗa kowanne da ɗan'uwansa.

Sannan ka auna. Baƙin mai ana duba shi mota a kashe, a wuri mai daidai, bayan ta huta aƙalla minti 5: ka zaro, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man giya akasin haka ne, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Sai giya ta yi zafi, inji yana aiki, ka taka birki ka bi da giyar kowane matsayi kana ɗan tsayawa, ka dawo da ita P, sannan ka auna a layin zafi, inji bai daina aiki ba. In ka auna mota a kashe za ta nuna maka ya cika har ya wuce, alhali ba haka ba ne. Ka ɗauki hoton kowace sanda da wayarka, ka rubuta kilomitan da ke kan mita, ka sake bayan kwana uku. Wanda ke sauka shi ne mai laifi. Kuma in za ka sunkuya kan inji yana aiki, ka tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun taguwa, ka cire duk abin da ke lilo a wuya. Bel ba ya jira, fanka kuma da kanta take tashi ba sanarwa.

In za mu yi hasashe daga wasiƙarka, ja-ja, ta gaba, ɓangaren direba, zarginmu ya fi karkata ga man giya, kuma yawancin wuraren da yake fita ba sa buƙatar a sauke komai. Akwai ƙananan tiyo biyu da ke kai man giya ƙasan lagireto ya huce ya dawo. Mota mai shekaru irin na taka, a zafi irin namu, robarsu ta bushe ta tsattsage, musamman a bakin kilif. Wannan aikin rabin awa ne. Sharaɗinsa ɗaya: a sa tiyon da aka yi don man giya, ba na ruwa ba, ba kowane guntun tiyo da aka tsinta a ƙasan gareji ba, domin zafin man zai tausasa shi ya fashe a kan hanya, kuma idan wannan tiyon ya fashe giya tana zubar da manta cikin 'yan mintuna.

Na biyu gasket ɗin kwanon giya. Ƙananan notuna ne masu kan sifana 10 kewaye da shi, kuma ɗaure su da ƙarfi shi ke jawo yoyon, ba shi ke maganinsa ba: bakin kwanon yana lanƙwashewa a kowane rami, gasket ta matse ta fashe. A cire kwanon, a daidaita bakinsa, a wanke shi tare da maganaɗisun da ke ciki, a sa sabuwar gasket, a ɗaure a gicciye kaɗan-kaɗan. Kada a lafta gam, domin rarar da ta matso ciki takan ɓalle ta toshe matatar giya. Na uku sil ɗin shaf, inda sandar da ke juya tayar hagu ta shiga giya. Za ka ga wurin a jiƙe, man ya fantsama kewaye. Ana zare shaf a sauya shi, giya na nan a wurinta. In aka sauya ya dawo cikin ɗan lokaci, to wuyan shaf ɗin ya ci ya yi zobe, ko yana girgiza, kuma sabon sil na goma ma ba zai riƙe ba. Akwai na huɗu da ake mantawa: cika mai fiye da kima. Yana yin kumfa ya fito ta hancin numfashin da ke saman giya, ya gangaro ya jiƙa komai. In an yi maka ciko kwanan nan, fara dubawa daga nan. Man da za a zuba shi ne wanda aka rubuta a jikin sandar awon, yawanci T-IV a wannan ƙirar, kuma a riƙa ƙarawa mililita 200 ana aunawa, domin tazarar layukan ba ta kai lita ba.

In kuwa robar sitiyari ce ke sauka, za ka ji kuka idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe. A duba tiyon da ke fita daga famfo, a kuma matsa robobin nan masu lanƙwasa da ke bakin rak, wato sandar sitiyari da ke juya tayoyin gaba, hagu da dama. A bushe ya kamata cikinsu ya kasance. In mai ya taru a ciki, sil ɗin rak ya tafi. Tabonsa yana faɗowa ne a bayan layin tayoyin gaba, ba ta wajen bamba ba, kuma zanen da ka yi a kwali zai nuna maka.

To yaushe maganar bakanike na farko za ta zama gaskiya? Idan abu uku suka haɗu: ɗigon launin baƙin mai ne, yana fitowa daga ƙasan mahaɗar inji da giya, kuma duk abin da ke sama da wurin a bushe yake. Na ukun nan ne ake tsallakewa, sai a bar jaki ana dukan taiki. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka duk yoyon da ya tashi daga sama a wannan mahaɗar yake taruwa ya ɗiga. Gasket ɗin murfin saman inji ita ce ta fi yin wannan sojan gona. Roba ce, zafi yana busar da ita, kuma idan tana zubowa kan bututun hayaƙi da ke bayan injin za ka ji ƙauri a go-sulo ko bayan ka tsaya. Sai makunnin fitilar mai da ke jikin bulok, sai filta da ba a ɗaure daidai ba, ko wadda aka ɗora a kan tsohuwar robar da ta manne. Sai notin juye da aka daina sauya masa wosha. Injin 1ZZ da ke cikin motarka yana da wani wurin da aka san shi da naso: ɗan zoben roba na abin da ke ɗame sarƙar taimin, ta bayan inji ɓangaren mai zaman banza, notuna biyu ne ke riƙe da shi. In kuma ɗigon mahaɗar ja ne, ba sil ɗin inji ba ne, na gaban giya ne. Su biyun duk sai an sauke giya, don haka in har abin ya kai ga haka a sauya su tare, kada ka biya ladan aiki sau biyu.

Hanyar tabbatarwa ita ce wanki da hoda. Inji a sanyaye, a rufe altaneta da akwatin fis da kan koyil da leda, a goge inji da giya da kananzir da buroshi, a bi da ruwan omo, a ɗauraye ba da injin feshi mai ƙarfi ba, a bar shi ya bushe sarai. Sai a barbaɗa farar hoda, ko ta jarirai ma ta isa, a wuraren da ake zargi. A tayar da mota minti 15, a haska da tocila daga sama zuwa ƙasa. In ba a ga komai ba a yi tafiyar kilomita 5 a sake dubawa. Man zai zana baƙin layi a cikin hodar, ka bi layin sama har inda ya fara. Kada ka yi tafiya mai nisa kafin dubawa, domin iska za ta watsa shi ka koma gidan jiya. A kan rami ake wannan aikin. Jak kaɗai, ko jak da bulo, a kan yashi, ba abin da mutum zai shiga ƙarƙashinsa ba ne. Ka tsaya a wurin, ka ce a nuna maka da yatsa. Bakaniken da ya ƙi yarda a wanke a duba kafin a kwance, ka gode masa ka nemi wani.

In aka tarar baƙin mai yana naso ta wurare da yawa lokaci guda, kafin a fara sayen gasket a duba bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV, a jikin murfin sama. Shi ke fitar da hayaƙin da ke taruwa a cikin inji. Idan ya toshe da dauɗa, matsin yana tura mai ta kowace kafa. A cire shi a girgiza, mai lafiya yana ƙara kamar caki. Ƙaramin abu ne mai araha, amma in ba a gyara shi ba sababbin sil ɗin ma za su bi sahun tsofaffin.

Maganar mai kauri kuwa, ka ajiye ta. In man giya ke zuba, ba abin da ya haɗa shi da baƙin man da ka zuba wa inji. In ma baƙin man ne, kauri yana rage gudun ɗigo kaɗan, ba ya ɗinke robar da ta tsage. Dubi murfin da ake zuba mai, 5W-30 aka rubuta. Injin yana da VVT-i, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da matsin mai yake aiki ta cikin ƙananan hanyoyi, kuma mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, lokacin da aka fi cin ƙarfe. Ruwan kwalba da ake sayarwa da sunan tsayar da yoyo kumbura roba yake yi na ɗan lokaci. Yana iya rage naso, ba ya yi wa tiyo da ya tsage ko kwano da ya lanƙwashe komai, kuma ba mu ba da shawarar zuba shi a giya otomatik.

Batun Yawuri ya danganta da abin da kwali da sanda suka faɗa. Cokalin shayi ɗaya na mai yana yin tabo mai faɗin tafin hannu ko fiye, don haka girman tabo yana tsorata mutum fiye da kima. Ƙirga ya fi. A ƙiyasi, ɗigo 20 mililita 1 ne. Ɗigo ɗaya a minti ya kama mililita 3 a awa, wajen 70 a kwana, rabin lita a mako. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa kuwa ya haura lita 4 a kwana, kusan duk abin da injinka ke ɗauka. Ka ƙirga mota tana aiki kuma da zafinta, domin abin da take zubarwa a kan hanya ya fi na ƙofar gida.

In birki ne ko fetur, ba tafiya sai an gyara. In tiyon man giya ne ko na ruwa, ko famfon ruwa, a gyara kafin tafiya ko da ɗigon kaɗan ne, domin su ba sa ƙaruwa a hankali, fashewa suke yi gaba ɗaya, kuma mota cike da iyali da kaya da AC a kunne ita ce ke kai su ƙarshe. In naso ne na gasket ko sil, 'yan ɗigo a dare, kuma awon kwana uku bai nuna raguwar a zo a gani ba, kana iya tafiya. Ka riƙe lita ɗaya ta man da ke zuba, da mazurari, da tsumma, da galan na ruwa mai tsabta. Ka tsaya a Jega ka auna, ka sake a Koko, ka sake da ka isa. A hanya, in jar fitilar mai ta kama, ka sauka gefe ka kashe nan take, ba "bari mu kai gari na gaba", domin a 'yan mintuna inji ke bugawa. In allurar zafi ta haura rabi tana hawa, ko ka ji inji yana ƙara gudu mota ba ta ja, ko giya tana jinkirin shiga, ka tsaya ka duba.

Kwana 10 sun ishe ka: dare biyu na kwali, kwana uku na awo, yini ɗaya na gareji. Kada ka bar gyaran sai jajibirin tafiya, ka bar aƙalla kwana uku kana yawo da ita a gari bayan an gama. Ka karɓi tsohon abin da aka cire ka gani da idonka. A sake wanke ƙarƙashin motar bayan gyara, domin tsohon man da ya maƙale a kan ƙarfen gicciye da robar ƙasa yakan ci gaba da ɗiga kwana biyu ko uku, ka ɗauka aikin bai yi ba. Sannan ka shimfiɗa sabon kwali, ka sake zana tayoyin. In wani abu ya sake fitowa, ka aiko mana da launinsa da inda ya faɗo a kan zanen.